Kwana 11 muka yi a asibiti, aka biya mu 10

Takardar albashi ce ta jawo saɓanin farko da muka yi da maigidana a kan inshora. Ya ajiye ta a kan keken ɗinkina ya shiga wanka, na ɗauka ina dubawa kamar yadda na saba, sai na ga an ƙara layi biyu a cikin abubuwan da ake cirewa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma gidanmu gida ne da komai sai an ƙidaya. 'Ya'ya uku gare mu, gidan haya muke ciki, shi ma'aikacin lantarki ne a wani kamfani, ni kuma ɗinki nake yi a gida.

Da ya fito na tare shi. Na ce, "Maigida, ba kamfaninku ya riga ya yi mana inshorar lafiya ba? Waɗannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Waccan asibiti take biya, Maman yara. Waɗannan mu za su biya."

Ya zauna ya yi mini bayani. An kawo musu tsari uku a wurin aiki, wanda ya so ya ƙara a kan inshorar da yake da ita. Ɗaya na haɗari ne, karaya ko ƙuna ko yanka. Ɗaya yana biyan wani adadi a kan kowane kwana da mutum ya yi kwance a asibiti. Na ukun na manyan cututtuka ne, shi ya fi tsada, sai ya bar shi ya ɗauki biyun farko. Abin da ya tura shi, wani abokin aikinsu ne da ya yi doguwar jinya. Inshora ta biya masa kuɗin asibiti kusan duka, amma kafin ya miƙe ya sayar da abin hawansa, ya cire yaro ɗaya daga makaranta.

Na kawo masa maganar addini, domin ta daɗe tana damuna. Ya ce ya tambaya, kuma irin ta takaful ya zaɓa: kowa yana zuba nasa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kamfani yana kula da asusun ana biyansa ladan aikinsa, ba a juya kuɗin a harkar riba. Daga baya na karanta cewa tun 1979 aka kafa kamfanin farko na irin wannan a Sudan. Wannan ya kwantar mini da hankali ta ɓangare ɗaya, amma ta ɓangaren aljihu ban gamsu ba. Na yi wata 14 ina kallon layin nan biyu a takardar albashi ina jin kamar ana zubar da ruwa a rairayi.

Ranar wata Asabar ya jingina tsani a bangon gida zai gyara wata waya da iska ta tsinka. Mutumin da kullum yake hawa sama a wurin aiki, da igiya a ƙugu da hular kwano a ka, ranar ya hau da silifas saboda aikin minti biyar ne. Ina ɗaki na ji ƙarar. Da na fito na same shi a ƙasa, ƙafarsa ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, yana riƙe da hannu yana salati. Ba zan iya ba da labarin yadda muka isa asibiti a jere ba. Na san maƙwabci ya kira motar asibiti, na san babbar 'yata ta riƙe ƙannenta a bakin ƙofa ba ta yi kuka ba sai da motar ta tashi.

Hoto ya nuna ƙashin cinya ya karye gida biyu, wuyan hannun dama ma ya karye. Daren farko a sashen gaggawa muka kwana, shi a kan gadon turawa, ni a kan benci, ana ba shi ruwa da maganin zafi ana jiran a samu gado. Sai da hantsi ya ɗaga aka kai shi ɗakin marasa lafiya. A rana ta uku aka shiga da shi tiyata, aka zura ƙarfe ta cikin ƙashin aka ɗaure da kusoshi sama da ƙasa. Hannun kuwa filasta aka yi masa. Likita ya ce mini ƙashin cinya shi ne mafi ƙarfi a jikin mutum, kuma ba ya haɗewa da wuri. In shirya wa wata huɗu zuwa shida kafin maigida ya sake tunanin hawa tsani.

Inshorar kamfani ta yi aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ɗauki kuɗin tiyata da na gado, mu muka biya wani kaso kaɗan da wasu magunguna da ba sa cikin jerinsu. Da babu ita da ban san inda za mu sa kanmu ba. Sai dai akwai wani lissafi da ba ya fitowa a takardar asibiti, kuma wannan lissafin ne ya fara cin mu tun kwana na biyu. Kuɗin mota zuwa da dawowa, sau biyu a rana. Wadda za ta zauna da autanmu. Keken ɗinkina a rufe, masu kaya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar yadinsu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da ranar da yake son kayansa. Kuɗin aikin bayan lokaci, wanda da shi muke cike giɓin wata, ya tsaya cak daga ranar da ya faɗo. Ofishinsu suka sanar da mu cewa cikakken albashi na ɗan lokaci ne, daga nan sai rabi. Ga haya ta kusa, ga kuɗin makaranta. Masu zuwa dubiya suna cewa mun gode Allah muna da inshora, ina amsawa da gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wallahi na manta da layin nan biyu. Shi ne ya tuna, a kwana na biyar, zazzaɓin bayan tiyata bai gama sakinsa ba. Ya ce, "Maman yara, ki duba jakar takarduna, akwai wata koriyar ambulan. Ki zo da ita."

A daren nan na karanta ta a gefen gadonsa da hasken waya, shafi bayan shafi, abin da ya kamata in yi tun wata 14 da suka wuce. Ta haɗarin jadawali ce: kowane rauni da kuɗinsa a rubuce. Karayar cinya tana can sama, ta wuyan hannu tana ƙasa. Karayar da aka yi wa tiyata kuɗinta ya ninka na wadda aka ɗaure da filasta. Motar asibiti da nata, sandunan dogarawa da nasu, gashin ƙashi da nasa har zuwa wani adadin zuwa. An kuma sa sharaɗi cewa dole likita ya ga mutum cikin awa 72 da faruwar haɗarin, kuma a sanar da kamfani cikin kwana 30. Sai na iso wani layi da ya sa gabana ya faɗi: tsarin ba ya biyan haɗarin da ya faru a bakin aiki. Na karanta shi sau uku kafin kaina ya ɗauka cewa a gida ya faɗo, ranar hutu. Raunin wurin aiki hanyarsa daban ce, ta diyyar ma'aikata. Akwai tsarin da ke rufe mutum dare da rana, a aiki da gida, akwai wanda sai a wajen aiki, mu kuma ba mu ma san wanne muke biya ba sai a daren nan.

Tattara takardu ya zama mini aiki na biyu. Takardar sallama, rahoton hoto, rahoton tiyata, fom ɗin da likita zai cika da hannunsa. Karon farko aka dawo mana da su saboda babu hatimi a shafi ɗaya. Na koma, na jira likitan daga safe har ya fito daga ɗakin tiyata da yamma, ya buga. Ga duk wanda zai shiga irin wannan, kada ya bar asibiti ranar sallama sai ya karɓi kwafin komai, domin komawa neman fayil bayan an sallame ka wahala ce mai zaman kanta.

Mako uku bayan haka saƙo ya shigo wayarsa. Kuɗin sun faɗa asusunsa kai tsaye, babu wanda ya ce mu kawo rasit na abin da za mu yi da su. Na zauna na lissafa, na haɗarin ya cika daidai da jadawali. Na kwanciya kuwa kwana 10 aka biya. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, 11 ne. Na kira su. Matar da ta ɗauka ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in buɗe shafi na huɗu. A wurinsu kwanciya tana farawa ne daga lokacin da aka rubuta an kwantar da mutum aka ba shi gado a ɗaki. Wanda yake sashen gaggawa ana sa masa ido, ko ya kwana, ba a lissafa shi.

Na ajiye wayar na yi kuka, kuma ba don kuɗin kwana ɗaya ba. Daren da suka cire shi ne dare mafi tsawo a rayuwata, daren da na zauna ina kallon ƙirjinsa ina ƙirga numfashinsa. Har gobe ina ganin wannan sharaɗi bai yi wa mutane adalci ba, domin rashin gado ba laifin majinyaci ba ne. Amma a rubuce yake, da baƙin tawada, kuma mun sa hannu.

Kuɗin ba su mai da mu masu hali ba. Wata biyar ya yi bai koma aiki ba, abin da aka biya mu kuwa giɓin wata biyu da 'yan kwanaki ya rufe. Sauran bashi muka ci, muka kuma matse. Sai dai waɗannan wata biyun su ne mafi tsanani, lokacin da ba ya iya zuwa banɗaki sai na ɗaga shi, ni kuma ba na iya zama a kan keke. Mun biya haya a kan lokaci. Yara ba su zauna a gida ko kwana ɗaya ba. Akwai wanda ya riga ya taya keken ɗinkina, na kira shi na ce na fasa. Da keken nan na biya bashin daga baya.

A zaman jiran gashin ƙashi, sau uku a mako, na fara karatu a waya a kan tsari na ukun da muka bari. A nan na ci karo da labarin da ya tsaya mini a rai. Ashe likita ne ya ƙirƙiro inshorar manyan cututtuka, ba ɗan kasuwa ba. Sunansa Marius Barnard, likitan zuciya a Afirka ta Kudu, ƙanin Christiaan Barnard, kuma yana cikin waɗanda suka yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a duniya a 1967, a asibitin Groote Schuur na birnin Cape Town. Abin da ya dame shi shi ne yana ceto ran mutane, su tashi daga gado su tarar da talauci yana jiransu, su koma aiki jiki bai warke ba saboda iyali. Ya yi ta bin kamfanoni har aka fitar da tsarin farko a 1983, yana rufe abu huɗu: ciwon daji, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da tiyatar sauya hanyar jinin zuciya. Kuɗi ne dunƙule, a biya mutum sau ɗaya da zarar an tabbatar da cutar, yana raye, ya yi abin da ya ga dama da su. Da na karanta sai na ji kamar mutumin nan ya taɓa zama a kan bencin da na zauna.

Da maigida ya koma aiki, ni da bakina na ce mu ƙara na ukun, mu biyu. Wannan karon akwai tambayoyin lafiya. Na rubuta cewa jinina ya taɓa hawa lokacin cikin autanmu. Suka nemi rahoton likita, suka ɗan ƙara mini kuɗin wata, suka karɓe ni. Na karanta sharuɗɗan tun kafin in sa hannu: kwana 90 na farko lokacin jira ne, cutar da aka gano a cikinsu ba a biya. Bayan an gano cuta sai mutum ya rayu kwana 30 kafin kuɗi su fita. Kowace cuta kuma da irin tsananin da suke nufi, ba sunanta kawai ba. Ciwon dajin da bai bazu daga inda ya tsiro ba wani kaso ake biya. Shanyewar da ta zo ta wuce cikin 'yan awanni ba ta bar alama ba, ba ta ciki.

Daga nan ne labarin ya kai inda ya fi yi mini nauyin faɗa.

Ina da wa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Direba ne, motar kansa yake ja, babu kamfanin da ke tsaye a bayansa, ranar da bai fita ba babu abin da zai shigo. Na dame shi da maganar inshorar manyan cututtuka. Na ce, "Yaya, kai ka fi mu buƙatar abin nan. Idan ka kwanta wa zai riƙe gidanka?" Ya yi ta kaucewa har ya gaji ya ce in kira wakilin kamfanin inshorar. A ɗakina aka cika fom ɗin. Wakilin yana karanto tambayoyi da sauri, Yaya yana cewa a'a, a'a. Aka zo kan hawan jini. Na san shekara uku da suka wuce likita ya ce yana da shi, na san yana shan ƙwayar idan kansa ya yi ciwo ya ajiye idan ya ji sauƙi. Yaya ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ai ya sauka tuni." Wakilin ya ce to a'a ke nan, ya yi alama ya wuce.

Ina zaune a wurin. Ni da na rubuta nawa na gaskiya, ni da na san abin da shafi na huɗu ya yi mana. Na buɗe baki na rufe. Kunyar gyara wa yayana magana a gaban baƙo ta kama ni, da tsoron kada a ƙara masa kuɗi ya ce ya fasa. Na ce a raina ba komai, Allah zai kiyaye.

Wata bakwai bayan nan matarsa ta kira ni da asuba. Ya tashi zai yi alwala buta ta faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta gefen dama, har ta taɓa maganarsa. Ya wuce lokacin jira, ya rayu kwana 30 ɗin, alamar cutar ta zauna a jikinsa, duk sharuɗɗan sun cika. Na tattara takardu kamar yadda na ƙware, babu hatimin da ya ɓace. Sai kamfanin ya rubuto yana neman tsohon fayil ɗinsa na asibiti, wanda dama fom ɗin ya ba su izinin nema. A ciki suka ga ranar da aka auna shi, da lambobin, da sunan maganin da aka rubuta masa.

Wasiƙar gajeriya ce. Ba za su biya ba, sun soke yarjejeniyar, za su mayar masa da abin da ya zuba na wata bakwai. Na rubuta ƙorafi, na kai har hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora. Na faɗa musu yadda wakilin ya yi gaggawa. Suka saurare ni da mutunci, amma tambayar a fili take, amsar a fili take, sa hannun nasa ne, hawan jini kuma shi ne babban abin da ke jawo irin wannan shanyewa. Na tambayi ma'aikacin hukumar abin da zai faru da Yaya ya ce e. Ya ce ko su ƙara masa kuɗi, ko su karɓe shi su cire shanyewar jiki daga ciki, ko su ce sai jinin ya daidaita. Kowanne ne, da ya san matsayinsa. Ni kuma abin da nake tunani, da an tura shi neman rahoton likita kamar yadda aka tura ni, da wataƙila likitan ya zaunar da shi ya faɗa masa cewa ƙwayar hawan jini ba a ajiye ta don an ji sauƙi.

Ni na karanta masa wasiƙar. Da na gama na durƙusa a gaban kujerarsa na ce, "Yaya, ka yafe mini. Na ji lokacin da ka ce a'a, na yi shiru." Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Abin da ya fito shi ne, "Ni na faɗa, ƙanwata." Ya ɗora hannun hagu a kaina.

An sayar da motar a wata na huɗu da kwanciyarsa. Babban ɗansa ya bar karatu ya kama aiki, muna fatan ya koma baɗi. Ni da maigida mun ware wani abu daga ɗinki kowane wata muna kai musu, kuma ni nake karɓo maganin jinin da kaina in ƙirga ƙwayoyin in ga ko ana sha. Layin da ake cirewa a takardar albashinmu yanzu uku ne. Lokacin da aka rage wa maigida aikin bayan lokaci bara, mun zauna mun duba abin da za mu yanke, ba mu taɓa su ba, domin idan biya ya tsaya ya wuce 'yan makonnin da suke ɗaga ƙafa, yarjejeniyar ta mutu, kuma sabuwa da sabon lokacin jira take zuwa, da sababbin tambayoyi.

Ranar Talata da Alhamis maigida yake kai Yaya gashin ƙashi kafin ya wuce aiki, wurin da shi ma ya yi wata uku yana zuwa. Ƙarfen yana nan a cinyarsa, idan an yi sanyi yana ɗan ɗingishi. Yaya ya fara taka ƙafar dama. Makon jiya ya tako daga ƙofar ɗaki zuwa bakin mota, taku 19, matarsa tana ƙirgawa, da ɗaya daga cikin sandunan da maigida ya ajiye a bayan ƙofa.